Akwatin Jegon Najiba

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Amir, mijin 'yata Najiba, ya sayi tikiti. Tsakiyar watan gobe zan tashi daga Kano zuwa Malesiya in Allah ya kai mu, kafin Najiba ta sauka a ƙarshen watan. Na sauko da babban akwati daga saman kabad na kakkaɓe shi. Maigidana Malam Bunu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, ya ce, "Gumsu, da saura fiye da wata fa." Na ce masa ai ba shi zai yi wa maijego wanka ba.

Ba haka na so ba. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, ita ce auta, kuma cikin fari ne. Da a ƙasar nan take, da tuni mun ɗauko ta daga ɗakin miji, tana kwance a ɗakina nan unguwar Bolewa tana tsirfa, ina yi mata faɗa ina dafa mata abin da take so. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. To karatun Amir ya kai ta bayan teku, likita kuma ya hana ta hawa jirgi. Sai ni in kwashi wankan in kai mata.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ta kira da hantsi, su can har an yi la'asar. Ta cika fam, hancin nan ya baje. Ban faɗa mata ba.

Wai tana koya mini abin da zan ɗauko saboda zafi. Atamfa marar nauyi, ban da shadda mai sitati, ban da leshi, silifas na roba, lema, hodar ƙurajen zafi, maganina na hawan jini. Na ce, "Najiba, mutumin Potiskum za ki koya wa zafi? A watan Afrilu?" Yau ko randa ruwanta ɗumi ne, kajina duk sun buɗe baki a gindin darbejiya.

Ta yi dariya ta ce, "Mama, ba irin namu ba ne. Nan gumi ba ya bushewa. Kina fitowa daga wanka kin jiƙe. Takalmin fatan Amir a cikin kabad ya yi fumfuna."

Allah ya kyauta. Ƙasar da takalmi ke fumfuna, ina ga ɗanyen jikin maijego.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙanwata Joda ta aiko da ganyen runhu daga Gadaka, ɗauri guda mai kyau. Na shanya a inuwa tare da na darbejiyar gidan nan. Na shiga kasuwa na zaɓo kanwa ungurnu da hannuna, da citta, kanumfari, masoro, kimba. Gobe daka. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa suna nan. Na yi wa mai kilishi magana.

Tukunya ce ban san yadda zan yi da ita ba. A bene suke, ba tsakar gida, ba itace. Zan ga abin da risho zai iya.

Malam ya leƙa akwatin ya ce, "Ke kuma kayan sawarki a ka za ki ɗauka?"

Laraba, 16 ga Afrilu

Yau raina ya ɓaci.

Na jera kayan a tabarma ina nuna wa Najiba a waya, ƙulli bayan ƙulli, ina jira ta yi murna. Sai ta miƙa wa mijinta wayar. Amir yaro ne mai kunya, tun da ya aure ta bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya gaishe ni har sau nawa, sannan ya ce, "Mama, don Allah ki yi haƙuri. Nama ba zai shiga ba. Ganye ma haka. Garin da ba shi da takardar kamfani kuwa, a nan ba sa wasa da shi ko kaɗan. In suka ga kanwar nan a ƙulle a leda, ba mu san me za su ɗauke ta ba."

Na ce kanwa ce. Ya ce ya sani, su ne ba su sani ba.

To me zan je yi? In zauna a kujera in riƙe jariri kamar baƙuwar barka?

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ashe da sauran magana. Najiba ta ce kar in damu, akwai wata mata a benen ƙasansu, Rohana, sana'arta ke nan kula da masu jego. Wai su ma suna da nasu arba'in ɗin. Ruwan ganye, ɗaurin ciki da dogon ƙyalle, dutse mai zafi da ake gasa mara da shi. Wai matar tun cikin yana ƙarami take hawo mata da romo. Tana faɗa tana murmushi, kamar albishir take yi mini.

Na ce, "Ina raye wata za ta yi miki wankan fari?"

Ta ce, "Mama, ba haka nake nufi ba."

Na ce ana kiran salla, na kashe. Ba a kira ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ban kira ba. Ita ma ba ta kira ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Mun yi magana, sama-sama. Lafiya, lafiya, ya zafi. Ba wanda ya ambaci matar.

Da rana na shiga ɗakinta ɗauko zare, na daɗe ban fito ba. Har yanzu gyalenta na islamiyya yana rataye a ƙusa. Yarinyar nan tana ƙarama, duk bazara wuyanta sai ya feso da ƙuraje, in zaunar da ita a baho a gindin bishiya, tana ihu tana watsa mini ruwa. Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, ba wanda ya taɓa gajiyar da ni kamar ita. Ina kewarta, kewa mai ciwo. Ina so in ji nauyin kanta a cinyata, shi ke nan, ko faɗa ne mu yi a ɗaki ɗaya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Malam ya kama ni ina cusa ƙullin kanwa a cikin safa. Ya zauna a bakin gado ya yi ta dariya har da tari. Ya ce, "So kike mu gan ki a talabijin, tsohuwar malama daga Yobe?" Na ce ya fita mini daga ɗaki.

Na cire kanwar. Ganyen dai yana ƙasan akwati, na rufe da zannuwa. Kilishin mun cinye, shi ya ci fiye da rabi.

Biza ba ta fito ba tukuna. Amir ya ce ana kai.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ta haihu.

Ina wanke-wanken safe wayar Malam ta yi ƙara, na ji yana ta alhamdulillahi, ya fito ba hula. Mace. Ta riga lokacinta da makonni, amma lafiya lau, uwa da 'ya. Na yi guɗa, maƙwabta suka shigo, aka yi ta barka. Na yi dariya da kowa.

Da suka watse na shiga ɗaki na ga akwatin a tsaye a jikin bango, a ɗaure tsaf. Na zauna a ƙasa kusa da shi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ta ɗakin miji.

Fasfo ɗina yana Abuja. Ko an matso da tikitin ba inda za ni.

Litinin, 5 ga Mayu

Tun jiya aka sallame su. Yau na gan ta sosai a waya, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Fuska a kumbure, leɓe a bushe, ƙafafu kamar an hura. Ta ce jikinta kamar ba nata ba, ta ce a cikin zafin nan sanyi take ji a ƙashi. Jaririyar ba ta kama nono sosai. Amir yana ta kai-kawo a bayanta da kofin shayi, bai san inda zai ajiye ba.

Na ce me take ci. Burodi. Na ce wa ya gasa mata jiki. Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ina matar taku ta ƙasa?"

Ta ce, "Ta hawo tun jiya da tukunyarta. Na ce ta dakata sai kin zo."

"Don me?"

"Kar ranki ya ɓaci, Mama. Kin ce ke za ki yi."

Na rasa inda zan sa kaina. Yarinya da ɗanyen jiki, a ƙasar danshi, tana zaune tana jiran tsohuwar da ko biza ba ta da ita, don kar in yi fushi. Ni da na san abin da sanyi ke yi wa maijego, ni da na sha yi wa matan unguwa faɗa a kan wankan yini ɗaya da suka tsallake.

Na ce, "Amir, sauka ka kira ta. Yanzu." Karo na farko ke nan da na kira sunansa a gabansa. Ya ajiye kofin ya fita da gudu.

Laraba, 7 ga Mayu

Na ga matar. Najiba ta jingine wayar a kan tebur bayan wanka. Wata 'yar guntuwar tsohuwa ce, da tabarau, da hijabi mai ruwan goro, hannuwa gajeru masu ƙarfi. Ta girme ni ma, ina jin.

Ruwan dai, daga tururin ragowarsa da na hango a bokiti, bai kai namu zafi ba. Kuma ba ta fyaɗa ganye, a ciki take barinsa. Na faɗa wa Malam haka.

Amma ɗaurin cikin nan. Ƙyalle mai tsawo kamar rawani, ta faro daga ƙugu tana naɗewa tana ƙullawa, tana naɗewa tana ƙullawa, har ƙarƙashin ƙirji, ko sau ɗaya ba ta duba hannunta ba. Najiba ta miƙa hannu za ta ɗauki gorar ruwa mai sanyi, matar ta buge hannun, ta yi mata faɗa da yarensu, ta ɗauke gorar ta kawo wani abu mai tururi a kofi. Ta sa mata safa. Ban ji kalma ɗaya ba amma na san duk abin da ta ce, don abin da zan ce ke nan.

Ina cikin yi wa Najiba bayanin yadda za ta tallafi kan yarinyar in za ta ba ta nono, sai na ga ba ta amsawa. Barci ya kwashe ta, baki a buɗe, yadda take yi tana ƙarama. Na ɗaga murya na kira sunanta. Sai matar nan ta matso da fuskarta cikin wayar, ta ɗora yatsa a leɓe.

Ni ta ce wa in yi shiru. A kan 'yata.

Na kuwa yi. Ta ɗauki wayar a hankali ta kai ni wurin jaririyar, ta riƙe mini na yi ta kallo har hannunta ya gaji.

Juma'a, 9 ga Mayu

Suna. Radiyya. An yanka rago a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, Joda ta zo daga Gadaka da 'ya'yanta. Shinkafa ta yi kyau. Suna ba jariri ba maijego, kowa ya zo sai a miƙa masa waya ya ga hoto.

Kumburin ya sauka. Najiba ta ce nono ya zo, har yana zuba. Ta ce matar tana ba ta wani romon kifi da citta da masoro, yaji kamar me. To dama.

Talata, 13 ga Mayu

Biza ta fito jiya. Gobe da safe motar Kano, jibi jirgi.

Na kwance akwatin na sake shiri. Ganyen na fitar, duk ya dagargaje a ƙasa ya ɓata mini zannuwa, dama ba zai kai ba. Na ba Joda yajin da kanwar, surukarta na da tsohon ciki. Na sa atamfofi marasa nauyi, silifas, lema, hoda, magani, yadda aka ce. Sai akwatin ya zama wayam, rabi ba komai, ga mutum zai tafi ƙasar mutane.

Shi ya sa na shiga kasuwa. Na daɗe a shagon masu lafaya, na sa yaron ya sauke kusan duk abin da ke sama. Na ɗauki wata shara-shara, ruwan ganye mai duhu, wadda iska ke ratsawa, ba za ta dame ta da gumi ba. Na turara ta tun azahar. Malam ya shigo ya ce, "Wannan kuma ta wace ce? Ba kalarki ba ce." Na ce wuri ne ya ragu a akwati.

Rohana guntuwa ce, sai na rage wa lafayar tsawo. Ni zan naɗa mata da kaina, ba sai da yare ba.

Na ce wa Najiba ta tambayi Hajiya Rohana ko za ta bari in tsaya a gefe in ga yadda take ɗaurin nan, in riƙe mata bakin ƙyallen. Ranar farko kawai. Na ce kar ta ce ni na tambaya.