Ba Za A Yi Wa Bilki Ƙaho Ba

Zuwa ga uwargidana Hajara,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Daga barandar asibiti a Dutse nake rubuto miki. Autarki Bilki na kwance, zazzaɓi ya kayar da ita, dasashinta na zubar da jini.

An gwada maleriya, babu. Da jin haka surukanta na Aujara suka ce asibiti ya gaza, a kai ta gida wanzami ya yi mata ƙaho, ya zuƙe mataccen jini. Kin san mutanenmu, ciwon da ba maleriya ba, ba taifot ba, to ba na likita ba ne.

Ni na karɓi sakamakon gwaji na biyu. Dengi ce, sauron rana ke kawo ta, wanda ke ƙyanƙyasa a randa. Layi ɗaya ya nuna cutar na jikinta yanzu. Wani ya nuna ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙasa ƙwarai, ko tsaga ƙarama sai ta ƙi tsayawa. Na ukun ne ya zaunar da ni. Likita ta ce alama ce jikinta ya taɓa haɗuwa da cutar.

Yaushe, Hajara? Ban san Bilki da wani babban zazzaɓi ba sai na daminar nan da kuka kwanta tare a tabarma ɗaya. Ita ta tashi. Ke aka yi wa ƙaho a bayan wuya, jini ya ƙi tsayawa, aka yi ta canza zane har kika cika da la'asar.

Likitar ta ce ba za ta iya tabbatar da cewa dengi ce ta kama ku a lokacin ba, tunda ba a taɓa gwada ki ba. Ban yi mata musu ba.

Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da kimiyya, yau ɗan kemis ya fi ni daraja a gidana. Kin sha ce mini, "Malam, karatunka a aljihu yake kwana." Ɗazu na fito da shi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce wa surukan nan namu sai dai su bi ta kaina. Sun tafi suna cewa tsufa ya taɓa ni.

Bilki ta sha ruwa yanzu, ta tambayi ɗankwalinta. Idanunki ne sak.

Allah ya haskaka kabarinki, ya bar mini ita.

Naki har gobe,
Malam