Kalmar da Maigidan Lurwanu Ke Jira

Tamaske, 4 ga Maris

Ƙanena Lurwanu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya. Inna na kwance kwana tara ke nan. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Tana tambayarka. Na ba Auwalu direban kamiyon albasa takardar ga ya kawo maka.

Yayarka, Zinariya

Kumasi, 10 ga Maris

Yaya Zinariya,

Bayan gaisuwa, kin ɓata mini al'amari. Na kai wa maigidana na sito takardarki, aka fassara mishi. Tambaya guda ya yi da Turanci: ciwon ya kai very? Kalma ce ƙarama, tana nufin ƙwarai. Nan in ba a liƙa ta ga ciwo ba, ba su ɗaukarsa ciwo. Ya sa yatsa bisa "da sauƙi" ya ce in koma bakin aiki, in kuwa na tahi ba izni, kada in komo.

Sake rubutawa. Ce ciwon ya yi tsanani, ki sa kalmar ga. Mi za ta rage miki?

Ki gaishe da Inna. Lurwanu

Tamaske, 17 ga Maris

Lurwanu,

Na gaishe ka don dole. Shekara bakwai kawai a Kumasi, har ka mance maganar gida? Wa ka taɓa ji nan ƙasarmu ta Adar ya ɗauki alƙalami ya yi wa uwarsa mugun baki? Ran da Baba ya rasu, da hantsi "da sauƙi" munka riƙa ce wa mutane, kuma kowa ya gane, dangi sunka cika gida kahin azahar. Da na ce tana tambayarka, tsammani kake sunanka ta mance?

Maigidanka ba ɗan Tamaske ba ne, ban zarge shi ba. Kai ne ka karanta ka tsaya neman fassara. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga kalmar taka a inda ta dace. Bisa Inna kuwa ba ni rubuta ta. Kullum kamiyo ya tsaya sai ta ɗaga kai.

Allah shi shirye ka. Zinariya

Kumasi, 23 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, amma ni ma da zuciya. Na gane tun layin farko, kada ki maishe ni sakarai! Takarda nike nema, ba fassara ba. Mutum nawa ke ci daga aikin ga, har da ke? Haruffa huɗu ba su kashe kowa. Taurin kanki ne ke tsare ni nan, kuma in wani abu ya faru, ki san da haka.

Don Allah, Yaya. Rubuta.

Ƙanenki, Lurwanu

Tamaske, 30 ga Maris

Lurwanu,

Salamu alaikum. Malam Iliyasu na lakwal, makarantar boko, ya tabbatar mini haka ake rubuta ta. Ga ta: very. Kai wa maigidanka.

An yi jana'izar Inna jiya bayan la'asar. Ba sai ka yi sauri ba.

Allah shi ba mu haƙuri. Zinariya