Garin da Ya Fara da Ra

Litinin, 2 ga Disamba

Da sunan Allah. Ni ne Alhaji Sadu Balde, haifaffen Labe, mazaunin Houston, sarkin direbobin tirela, wanda ya shekara ashirin da shida yana auna ƙasar Amurka da taya goma sha takwas. Yau na buɗe wannan littafi. Da ajami nake rubutu don kada 'yan bokon gidan nan su sa mini ido.

Tun da ɓarin jikina na dama ya shanye a watan azumi, harshe ya yi nauyi. Maganar tana ciki, ƙofar fita ce ta ƙi buɗuwa. (Kada a tambaye ni da wane hannu nake rubutu. Manya ba a tambayarsu.) Allah ya rufa mini asiri da ɗana Yero, mafi hankali da kyan fuska a cikin 'ya'yana. Shi ke yi mini wanka, shi ke ba ni abinci, shi ne kuma tafintana. In na ce "mm", shi ke faɗa wa jama'a ma'anarta.

Yau wajen cin abinci na ce "mm". Yero ya ce, "Baba ya ce a ba ni cinyar kazar." Aka ba shi. Yaro mai albarka.

Laraba, 4 ga Disamba

Babbar 'yata Dalanda, nas, ta samu hutun mako guda a ƙarshen wata. Ta ce likita ya yarda a yi tafiya da ni in za a riƙa tsayawa a hanya. Wai lokaci ya yi da za a cika alkawarin da na saba yi duk shekara, na kai iyali kan duwatsu su ga dusar ƙanƙara. Shekara ashirin ina cewa "baɗi". Ga shi baɗin ya zo ya same ni a kan kujera.

Garuruwa biyu ake ja a kai, duka a jihar New Mexico. Dalanda tana son Ruidoso, ya fi kusa, akwai asibiti. Lamarana, autanmu ɗan jami'a mai magana ta hanci, yana son Red River, can ne ake zamiya daga kan dutse.

"Yaya, in asibiti kike so ai ga shi nan kina kwana a ciki kullum."

"Kai kuma in karaya kake so, hau saman gareji in turo ka, ba sai mun ƙona mai ba."

Ba wanda ya tambayi Yero. Shi da ma taswirar a wajensa zanen kaza ce.

Daga ƙarshe suka durƙusa gabana. "Baba, wanne?" Na yunƙura har jijiyar wuya ta tashi. Abin da ya fito: "Rrr... ra..."

Duka garuruwan da ra suka fara. Sai ido ya koma kan tafinta. Tafinta ya shafa gemun da ba shi da shi, ya ce, "Baba ya ce zai yi istihara."

Alhamis, 5 ga Disamba

Wanki, wanka, magani, wanki. Bayan Yero yana ciwo. Mutum ya rame amma ɗaga shi kamar buhun siminti.

Asabar, 7 ga Disamba

Dalanda ta tare Yero a kicin. "Kai, tsakani da Allah, me Baba ya ce?" Ya ce, "Ruidoso. Amma ya ce kada ki faɗa wa auta tukuna, zuciyarsa ƙarama ce." Ta yi murmushi, karo na farko a wannan watan. Har ta ce masa sannu da aiki.

Da la'asar Lamarana ya zo da tasa tambayar. Yero ya ce, "Red River mana. Amma yi shiru, ka san Yaya." Auta ya rungume shi, ya ce masa "babban yaya". Bai taɓa ba.

Ra ɗaya, godiya biyu. Ina laifi?

Lahadi, 8 ga Disamba

Baba ya— wato ni, na sake gwadawa da safe, Yero yana yi mini aski. "Rra... ra... t..." Yawu ya zubo. Yero ya goge, ya ce, "To, to, na ji," ya ci gaba da askinsa. Bai ji ba. Ya gaji ne. Kalma ɗaya takan ɗauki lokacin da za a karanta sura guda, kuma ruwan wanka yana hucewa.

Talata, 10 ga Disamba

Ta fashe.

Dalanda ta riga ta kama gida a Ruidoso. Lamarana ya aro rigunan sanyi da dogayen katakan zamiya wajen abokinsa, ya shigo da su falo yana taƙama. Suka dubi juna. Suka dubi Yero.

"Tun yaushe kake mana ƙarya da bakin Baba?" in ji Dalanda. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi muni.

"Yaya, wasa ne fa."

"Wasa? Mutum ba shi da baki, ka ari bakinsa kana cin kaza da shi?"

Lamarana ya ce wani abu da Turanci mai sauri, irin wanda suke yi in ba sa so Yero ya kama. Ya kama kalma ɗaya dai. Ya san ta. Ana faɗa wa kare ita.

Hajiya Salimatu, uwarsu, ta ce, "Ku ji tsoron Allah, mahaifinku na ji." Dalanda ta ce an fasa tafiyar, ta gaji, za ta mayar da hutunta. Ni kuwa na juya fuska bango.

Laraba, 11 ga Disamba

Na ƙi cin acca. Na ƙi shayi. Na daina cewa ra.

Juma'a, 13 ga Disamba

Kwana uku ba wanda ya yi wa Yero magana sai "ina maganin Baba". Ni ma cokali biyu na karɓa na rufe baki. Dalanda ta auna ni ta ce in haka ta ci gaba sai gadon asibiti.

Tunda littafina ne, bari in faɗi gaskiya. Ni Alhaji Sadu na ɗauki yaro ɗan shekara shida na tura shi gida Labe, shi kaɗai cikin 'ya'yana, ya riƙe allo shekara goma sha huɗu. Sauran biyun na bar su a nan, su da makaranta mai motar ɗauka. Ya dawo bara da izu sittin a ka, amma allon bakin titi ya gagare shi karantawa. Ranar da zai tafi ko filin jirgi ban je ba, ina kan hanya. Ban tuna da shi ba. Me zan tuna? Ina da biyu masu Turanci.

To yanzu shi ke wanke ni. Allah mai iko.

Asabar, 14 ga Disamba

Wani ya taɓa littafin nan.

An manta shi a kan gado da safe, da biro a ciki, aka tafi kai wanki. Na manta cewa a gidan nan mutum biyu ne suka yi allo.

Rubutun hannun hagu ne, karkatacce, kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito. Shafi na farko, inda aka ce "mafi hankali", an ja layi. "Kyan fuska" an bari. Inda aka rubuta istihara da kuskure, an gyara harafin. Ashe duka ya karanta.

A shafin jiya, gefen "ban tuna da shi ba", kalma biyu:

Ƙarya. Raton.

Na kai wa Inna a kicin, na karanta mata. Ta ajiye ludayi. Ta zauna a kan kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba in tana girki.

Ta ce wani ƙaramin gari ne a gindin dutse, inda hanya ke hawa zuwa Colorado. "Kai ka manta, Yero. Kana ta kuka ba za ka tafi ba sai ka ga dusar ƙanƙara. Ya ce zai kawo maka a filas kafin jirginku ya tashi. Ƙanƙara ta rufe hanya, ya kwana biyu a Raton. Ya cika filas ɗin kuwa. Ya iso kun yi kwana ɗaya da tashi. Da ya buɗe, ruwa ne."

Ta nuna saman firji. Koren filas ɗin nan da aka hana kowa zuba shayi a ciki. Ni na ɗauka tsiyayewa yake.

Na ce, "Inna, me ya hana a faɗa mini?" Ta ce, "Ka taɓa tsayawa an gama magana?"

Lahadi, 15 ga Disamba

Dalanda ta ƙi yarda. "Na gama sayen kayan wannan tafinta." Tana da gaskiya. Na ce to, kada ta ji daga bakina.

Muka zauna mu huɗu gaban kujerar Baba. Na zauna a kan hannuwana don kada su yi wani abu. Ya fara. "Rrr." Lamarana ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. "Ra." Gumi a goshinsa. Muka jira har firji ya kunna kansa ya kashe.

"...ton."

Lamarana ya duba waya, ya ce, "Baba, wajen nan fa ba komai. Gidajen mai ne da tsohuwar tashar jirgin ƙasa." Dalanda ta ce, "Akwai asibiti?" Akwai. Ta fita waje ta daɗe.

Baba ya ci acca rabin kwano.

Alhamis, 26 ga Disamba

Kwana biyu a hanya, tsayawa tara. Jiharmu Texas ba ta da ƙarshe. Katakan zamiyar auta sun zauna a gida.

Juma'a, 27 ga Disamba. Raton.

Gaskiyar Lamarana, ba komai. Titi ɗaya babba, duwatsu baƙaƙe da fari a kansu, iska mai yanka kunne. A cikin gari ƙanƙarar ta narke, sai ɗan abin da ya saura a inuwar bango, ya yi datti. Muka hau sama kaɗan da mota har muka samu mai tsabta a bakin hanya.

Ashe ba ta da nauyi. Na zaci kamar ƙanƙarar firji ce. Tana ƙara ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalmi, tana cizon yatsu. Na cusa wa Lamarana dunƙule guda a wuyan riga, ya yi ihun da tsuntsaye suka tashi. Yaya Dalanda ta ce, "Allah ya shirye ka," sannan ta jefe ni a ƙeya. Tana da saiti.

Baba yana kujerar gaba, ƙofa a buɗe, bargo biyu, koren filas a cinya. Tun Houston bai yarda a sa shi a but ba. Ya ɗan ɗaga shi. Na zo in karɓa in cika masa, ya ƙi saki. Sai na riƙe masa filas ɗin a ƙasa, na tallabe shi ya sunkuya, ya riƙa ɗiba da hagu. Rabi yana zubewa. Bayana yana ihu. Mun fi minti goma. Na bar shi.

Ya rufe da kansa, murfin a karkace. Ya tura mini a ƙirji. Ya fara wata kalma. Wannan karon da harafin ya ta fara, ba ra ba. Na san inda za ta, harafi uku ne kacal a ajami, kullum ana kira na da ita in an ga ɓarna. Na jira duk da haka.

Sanyi ne ya sa idona ruwa. Kowa ya san iskar dutse.

To, tunda mai sunan ya iya karatu, babu amfanin ci gaba. Ba sarkin direbobi ba ne ya rubuta littafin nan. Ko lasisin mota ba ni da shi. Ni ne Yero, mai layi a kan hankalinsa, tafinta mai murabus. Cinyar kaza kuwa, na ci guda huɗu da sunanka, Baba, ba ɗaya ba.

Na bar maka biro a tsakiya. Sauran shafukan naka ne. Rubuta a hankali, ba inda za ni.