Hedimasta Yana Satar Amsa a Waya

Malama mai shawara, ki taimake ni kafin hawan jini ya kwantar da ni.

Ni kafinta ne, shekarata saba'in da uku. Ban taɓa zama a aji ba, karatun ma 'yata ce ta koya min bayan na yi furfura. Shekara tara ke nan ni da aminina, wani tsohon hedimasta, muke cike akwatunan kalmomin nan na bayan jaridarku. Kowa da jaridarsa, ranar Asabar mu haɗu a bencin ƙofar shagona mu gwada. Kullum shi ke gamawa, ni in rage uku ko huɗu, in haɗiye, in ce ai ɗan boko ne.

Rannan na leƙa ta bayansa, sai ga shi yana dangwalar waya tana zubo masa amsa! Nan take na ce masa ɓarawo, a gaban masu jiran kujerunsu. Shi ne har da dariya, wai ni ma satar nake yi. Don Allah ki ji: ni in kalma ta gagare ni, takawa nake da ƙafata. Sunan cuta, in je wurin mai kemis. Kayan mota, in tsaya cikin rana a gareji har bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota. Akwai sunan wani kogi da na yi kwana huɗu ina nema da ciwon gwiwa, sai wajen direban tirela na samu. Wannan ce sata? Gumina ne fa! Shi kuwa yana kishingiɗe, yatsa ɗaya.

Dama tun tuni yake min kallon jahili, har gyara min rubutu yake da jan biro. Yau Asabar biyu bai zo ba. Matata wai in je in ba shi haƙuri. Ni? Ki faɗa masa gaskiya a shafin nan, yana karantawa.

Tsohon Kafinta

Amsar Malama: Baba, gaskiyar za ta taɓa ku duka biyu. Tambaya ba sata ba ce, ko mai kemis aka tambaya ko waya. Kai ma ba daga kanka sunan kogin ya fito ba. Laifin Hedimasta shi ne ɓoyewa: ya bar ka kana ganin kanka ƙasa da shi, alhali da taimako yake gamawa. Wannan da jan biron, ya kamata ya nemi afuwarka.

Amma kiran dattijo ɓarawo a bainar jama'a, Baba, ka wuce gona da iri. Kuma ka duba: mutumin da ya ƙare rayuwarsa shi ake tambaya, wataƙila tsoro yake ji kai ka ga ranar da bai sani ba.

Ba zan yi masa magana a madadinka ba. Ka je gidansa da kanka, ka janye kalmar nan, sannan ka faɗa masa abin da ya daɗe yana cin ranka. Ku yarda daga yau duk wanda ya nemo amsa a waje ya faɗi inda ya samo. Kada ka bari Asabar ta uku ta wuce, don aminin shekara tara ba ya samuwa cikin kwana huɗu.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara lafiya.