Jinin Cibiyar Jikanmu

Zuwa ga matata Hajja Dudu, uwar ɗakina,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Malam Bitrus maƙwabcinmu ne riƙe da alƙalami, bakin kuwa nawa ne.

Matar ɗanmu Hammadu ta sauka, namiji. Kin san a gidanmu na Bako ba a haihuwa sai an binne mabiyiya a bayan ɗakinki. Ke kika binne ta kowa, kuma da ciwo ya kwantar da ke kika nuna mini wuraren: ta Hammadu gindin lemo, ta Asma'u kusa da rumbu, ta ɗanmu marigayi Umaru bakin rijiya. Kika ce, “Kada ka bar ta kowa a waje.”

To, Asma'unki ce ta zo da magana, ita da ke aikin binciken jini a Jimeta. Wai a jinin cibiya akwai iri, shi ke haifar da sauran jini, kuma iyayen yaron sun yarda a ɗiba. Na ce jinin da ya rabu da jiki ai ya mutu. Ta ce suna da wani farin gari a 'yar kwalba, da shi irin ke rayuwa har ya yaɗu. Asalinsa jikin mutum ke yin sa, amma nasu ƙwayoyin da ido ba ya gani aka koya wa yi.

Dudu, wa ya koya musu? Abin da ke raya jini ba mai shi, ni ban yarda da shi ba. Na tambaya ko magani ne, ta ce a'a, bincike ne tukuna, ko wata rana ya taimaki masu sikila. Ta faɗi haka tana kallon rijiya. Na tuna yadda kike gasa wa Umaru ƙafafu da tsumma yana kuka, sai na ƙyale su. Ko da gangan ta kalla, Allah ne masani.

Sun ɗiba. Mabiyiyar kuwa Asma'u ta kawo gida, ta wanke, ta haƙa ta binne da hannunta, daidai yadda kike yi.

Amma na tambaye ta, in sun gama da na kwalbar fa? Ta sunkuyar da kai ta ce ƙonawa ake yi. Na ce jinin gidan nan ba ya shiga wuta, a dawo mini da shi ko ɗigo ne. Ta ce za ta tambayi manyanta. Har yau shiru.

Na tona ɗan rami gefen na yaron, na kifa masa sakaina. Kullum da hantsi nakan share ƙasar da ta zuba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya raya yaron, ya ba ni kwanan da zan rufe ramin nan da hannuna.

Naki har gobe,
Bappa Sali