Domino a Gefen Gadon Wilkin

Zuwa ga Nas Yudelka,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Ni ce Ercilia daga Monte Plata, uwar Wilkin mai ciwon dajin hanji. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koya a ajin manya na coci. A waya ba a barina in gama magana.

'Yata, likita ya ce ɗana jarumi ne, ba ya kukan komai. Yabon nan ne ya hana ni sukuni. Tun yana ƙarami, in aka tsare shi da ido aka ce "Ina ke ciwo?" sai ya ce "Lafiya lau." Ubansa mai yankan rake ne, a gidanmu namiji ba ya cewa wash. Kun ce zazzaɓi bayan ƙarin ruwan maganin nan yana iya kisa. Na rantse ba zai faɗa muku ba. Bakinsa ba ya buɗewa sai hannunsa na kan ƙwayoyin wasan domino.

Taki cikin damuwa,
Ercilia

Mama Ercilia,

Ina gaishe ki da ladabi. Na aro domino, na zauna gefen gadonsa, na ƙi kallonsa. Ya ce, "Nas, ke da allura kawai kika iya!" Na ce, "Zuba mu gani, sarkin cika baki." Ya yi ta cinye ni yana dariya. Can, idonsa na kan wasa, sai ya ce, "Ƙanwata, wai sanyi ake yi yau, ko ni ne?" Ga rana tana ƙwallewa. Na taɓa goshinsa, wuta. Likita ya ba shi magani nan take, ya ce da an kai gobe da ba mu same shi ba. Yanzu jiki ya yi sauƙi.

Ke kuma Mama, kin kusa ƙona mana waya. Ki huta. Ni zan riƙa kiranki duk Lahadi bayan coci, ko da labari ko babu.

Ki huta lafiya,
Yudelka

'Yata Yudelka,

Allah ya saka miki, ya raya naki. Ranar Lahadi hannuna ya yi ta ƙaiƙayin ɗaukar waya, amma na daure, sai ga kiranki. Ga kofi daga gonarmu, ga dominon ubansa.

Wilkin ya ce kin fara cinye shi. Don Allah kada ki yi. In ya sha kaye, shiru yake yi.

Uwarki,
Ercilia