Akwatin lasifikata ko fedar surukina

Malam mai kula da wannan fili, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin lokaci ya ƙure mini. Gaskiya ban taɓa ganin shafinka da daraja ba, tsallake shi nake yi. Amma waɗanda zan yi wannan magana da su, wasu sun rasu, wasu sun ajiye kiɗa sun koma sayar da tayar mota, saboda haka kai ka rage mini.

Ni makaɗin jitar bes ne, jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda ba a sanin tana wurin sai ta yi shiru. Na haura sittin. Na karanta lantarki lokacin da karatu yake karatu, malamaina suka so in ci gaba, ni kuwa na bi kiɗa. Mu biyar muka kafa ƙungiyarmu, muna kaɗawa a ɗakin taron wani otal duk ƙarshen mako. Yau ni kaɗai na rage a cikin biyar ɗin. Mai jan ragama yanzu ɗan marigayi abokina ne, mai kaɗa kibod, kuma don ƙarin ƙaddara shi na aurar wa 'yata ta fari. Ya buga kati ya rubuta Darakta a ƙarƙashin sunansa. Yaron da na sha share wa majina a bayan dandamali.

Rigimar a kan akwatin lasifikata ce. Da hannuna na ƙera shi, da katako mai kauri da manyan lasifika biyu masu inci goma sha biyar. Sai da na lissafa faɗinsa da zurfinsa da ramin fitar iskarsa a takarda kafin in taɓa zarto. A kansa akwai amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, tsohuwar ƙira mai ƙwayayen gilashi, irin wadda sai ta yi ɗumi take buɗe murya. A gabansa nake tsayawa, bayana dab da shi. In na ja tsirkiyar ƙasa ina jin ta a ƙwaurina da ƙashin bayana, har ƙafar wandona tana kaɗawa. Yana da nauyi, ban musa ba, kuma matakalar otal ɗin ƙunci gare ta. Yaran ƙungiya suna kiransa firjin Baba. Mai ganga ya taɓa cewa ranar da na ga dama in kwana a ciki in huta da biyan haya. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Tun bara Darakta ya fara ƙorafi. Wai na cika ƙure murya, wai mawaƙiyarmu ba ta jin kanta, wai manajan otal ya ce kofuna suna rawa a kan tebura. Na ce masa mawaƙiyar ta koyi buɗe baki. Mutanen yanzu duk a cikin hanci suke magana, sai ka ce ana cajin su kuɗin murya, ko a gida sai na sa an maimaita mini magana sau biyu. Shi kuwa Darakta ya iya ladabin munafunci. Zai rusuna ya ce sannu Baba, ya aiki Baba, ya juya ya yi wa mai miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa, ido a rage ni.

Sai ga shi da kyauta. Wata feda ce, na'urar sauya muryar jita da ake takawa da ƙafa, da ba ta wuce girman littafi ba, da fitilu ja da kore da ɗan allo kamar na wayar hannu. Wai a cikinta akwai muryar akwatuna iri-iri, har da mai kama da nawa. Ka ji fa, mai kama da nawa. Ana jona ta da miksa kai tsaye, ni kuma a cusa mini wani ɗan abu a kunne in riƙa jin kaina. Bai kawo da kansa ba. A hannun 'yata ya aiko, ranar da ta zo da jikokina, a nannaɗe da takarda mai ƙyalli, don ya san ba zan iya mayar da ita a gaban yara ba. Na je shagon da ya sayo ta in ji ko za a yi mini bayani. Mai shagon yana taunar cingam yana duba wayarsa, ya ce ai yanzu kowa ita yake yayi, ya tambaye ni ko wa ɗana nake saya wa.

Saboda 'yata na yarda in gwada sau ɗaya, a wata liyafa da rana. Aka bar akwatina a gida. Malam, abin da ke cikin kunnena kamar ƙuda a kwalba. Dandamalin kuwa ya mutu murus a ƙarƙashin ƙafata. A tsakiyar wata waƙa da na kaɗa tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin, sai na ɓata. Ganga ta bar ni a baya, na yi ƙoƙarin kamo ta na wuce ta. Masu rawa suka tsaya suna kallon juna, mawaƙiya ta waiwayo. Darakta ya ɗaga wa mai miksa hannu aka kashe ni ɗungurungum, ya ci gaba da kaɗa bes ɗin da hannun hagunsa a kan kibod. Na tsaya riƙe da jitar da ba ta da murya ina motsa yatsu kamar mutum-mutumi har aka tashi. Tunda nake ba a taɓa yi mini haka ba.

Da 'yata ta zo washegari na gaya mata a gaban uwarta cewa mijinta da gangan ya shirya mini wannan wulaƙanci, cewa shi ba makaɗi ba ne, mai latsa maɓalli ne, kuma da ubansa yana raye da ya ji kunyarsa. Ta fashe da kuka, ta ce wata da watanni yana kare ni a wurin manaja. Tun ranar ba ta sake tako gidan ba. Uwarta kuma da ƙarar kwanuka take yi mini magana, in ta buɗe baki sai dai ta ce in rage talabijin.

Yanzu saƙo ya zo ta bakin mai ganga. Akwai babban taro ƙarshen wata. Wai in zaɓi duk kayan da nake so, in dai mutum ɗaya zai iya ɗauka kuma za su shiga miksa. In ban zo da su ba za a gwada wani. A ƙungiyar da na kafa.

To me zan zaɓa? Akwai ƙaramin akwatin da ba abin wasan yara ba? Ko in ɗauko nawa in dire shi a dandamali in ga wanda ya isa ya fitar da ni a gaban jama'a? In na sauka daga wannan dandamali babu wani da zai karɓe ni, na sani. Sai benci a ƙofar gida. Kada ka ce mini in yi haƙuri, wannan na iya gaya wa kaina.

Naka,
Mai Tsirkiya Huɗu

Baba Mai Tsirkiya Huɗu,

Na gode da ka daure ka tsaya a shafin da ka saba tsallakewa. Ba zan ce ka yi haƙuri ba, amma zan faɗi abin da ya fi shi ɗaci.

Da farko, kana da gaskiya a wurare da dama. Ba a miƙa wa makaɗi sabon kayan aiki a ce ya fara gwada shi a gaban jama'a. Ya kamata a yi gwaji a ɗaki babu kowa, sau da yawa. Aiko maka da sharaɗi ta bakin mai ganga ma bai dace ba. Surukinka ya guje wa zama da kai ido da ido, ya ɓuya bayan matarsa da abokin aikinsa, kuma wannan ya ƙara dagula lamarin.

Sai dai ban ga makirci ba. Wanda yake son korar mutum ba ya saya masa kaya, ba ya kuma ce masa ya zaɓi abin da yake so. Abincin mutane da yawa yana rataye a wannan ɗakin taro. Ranar liyafar, da bai rufe giɓin da hannun hagunsa ba, da ƙungiyar gaba ɗaya ce ta ji kunya.

Baba, ka je likitan kunne ya auna jinka. Kai da kanka ka ce ana maimaita maka magana, ana roƙon ka rage talabijin, kuma a ƙwauri da baya kake jin kiɗanka. Mutumin da ya yi shekara da shekaru da manyan lasifika a ƙeyarsa, ba abin mamaki ba ne jinsa ya ragu. Ina zaton ka daɗe da jikinka kake bin ganga, shi ya sa da aka ɗauke akwatin ka rasa madafa. Hannunka bai tsufa ba. In haka ne, babu fedar da za ta magance wannan ita kaɗai, kuma ƙure murya ƙara ɓarna yake yi.

Batun kaya kuwa, akwai ƙananan akwatuna na gaske. Nemi na bes mai lasifika ɗaya inci goma sha biyu, irin sababbin nan masu maganaɗisu marar nauyi. Kada ka ajiye shi a ƙasa yana yi wa gwiwarka waƙa. Ɗora shi a kan wani abu, ka karkata shi ya fuskanci kanka, za ka ji kanka ba tare da kofuna sun yi rawa ba. In za ka riƙe tsohuwar amfilifayarka, ka fi ni sanin cewa sai om ɗinta, wato ma'aunin lantarkinta, ya yi daidai da na akwatin, amma ka tuna ita ma nauyi gare ta. Ƙaramar amfilifaya mai ƙofar fita zuwa miksa za ta cika sharaɗin. Fedar surukinka kada ka jefar. Ka manta da muryoyinta barkatai, ka saita guda ɗaya da kunnenka, ka yi amfani da ita wajen daidaita tsirkiya da aika sauti ga miksa. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa katako mai kauri, makaɗi ya tsaya a kai, ta riƙa girgiza shi da kowane bugu ba tare da ƙara ba. Mai hannun da ya ƙera wancan akwati ba zai kasa haɗa wannan ba. Duk abin da za ka saya, ka je da jitarka ka gwada, sannan ka sake gwadawa da mai ganga a ɗakin taron kafin ranar.

Kada ka kai babban akwatin dandamali don a yi ta ta ƙare. In ka yi, za ka tilasta wa surukinka ya zaɓa tsakaninka da ƙungiya a gaban mutane, kuma 'yarka ce za ta kwana da sakamakon. Ita ka fara nema. Maganar da ka yi a kan mahaifin mijinta ta yi nauyi, ka janye ta. Daga nan ka kira shi da kanka, ka gaya masa abin da likita ya ce, ka nemi ya raka ka shago ya ɗauko maka kayan. Ina kyautata zaton zai zo da gudu.

Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya zukata, ya sa ƙarshen watan nan ya same ka a tsaye a wurinka.